Injin da Aka Toshe wa Numfashi a Garin Auta

Haladu bakanike ba mutum ne mai daɗin zama ba. Duk wanda ya ce maka ya gan shi yana fara'a, to wani ya gani. Gajere ne, baƙi, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, hannunsa na dama kuma yatsu uku suka rage. Garejinsa rumfar kwano ce guda a bayan tashar motar Haɗeja, da benci ɗaya wanda ba ya yi wa kowa tayin zama a kai. In ka kawo masa inji, ba ya tambayarka abin da ya same shi. Cewa yake ka tayar. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa mai rai, ya rufe ido. In ya buɗe, ya faɗa maka ciwon, ya kuma faɗa maka laifinka a ciki, don shi a wurinsa inji ba ya mutuwa sai da hannun mai shi.

A cikin garin Haɗeja aka haife shi. Ubansa dillalin fata ne, uwarsa kuwa 'yar Garin Auta ce, wani ƙauyen manoma da masunta a fadamar Kirikasamma. Bai gama firamare ba ya bi manyan motoci. Daga baya ya yi shekara goma sha tara a wani kamfanin gina hanya, yana gyaran tifofi da katafila, kuma a can fanbel ya cinye masa yatsu biyu. Da kamfanin ya naɗe kayansa, Haladu ya dawo gida da akwatin sifanu da matarsa Ummussalma, wadda har yau take cewa ita ba ta san warin jikin mijinta ba, warin man gas kawai ta sani.

Abu ɗaya ya iya wanda makanikan babur da ƙananan injinan ban-ruwa da suka cika garin ba su iya ba, shi ne babban inji mai turbo. Kuma akwai karatu guda da yake yi wa duk wanda ya mallaki irinsa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Inji in ya tsufa, ringin da ke rungume da fistin yakan saki. Wutar da ke fashewa a sama sai ta riƙa zurarewa ƙasa, cikin tumbin da baƙin mai yake kwance. Iskar nan dole ta fita, shi ya sa aka bar mata ɗan bututu a gefe, wanda makanikai ke ce wa bututun numfashi. In za ta fita kuwa, da feshin mai take fita. Inji mai turbo abinsa ya fi tsanani, don turbo ɗura masa iska yake yi kamar yadda ake yi wa jariri ɗurar koko, ko yana so ko ba ya so.

Injin Garin Auta Haladu ne ya haɗa shi. Daga wata matacciyar tifa ya ciro shi, ya ɗora a kan ƙarafa, ya aura masa famfo mai baki kamar cinyar ƙato. Da rani ya ba alkama ruwa, da damina ya kwashe ruwan da ya yi yawa. Tun da bazara Haladu ya gaya wa Alhaji Abdulmannan, shugaban ƙungiyar manoman ƙauyen, cewa injin nan numfashinsa ya yi nauyi, ringi yake so. Alhaji ya ce a bari sai bayan girbi.

Ruwa bai jira girbi ba. A wata ranar Lahadi ta watan Satumba, kogi ya ƙi bin hanyarsa da ciyawar kacalla ta cushe, ya fasa jingar da ta kewaye fadamar ƙauyen. Maza suka yi yini da buhunan ƙasa suka ɗinke ɓarakar, amma ruwan da ya riga ya shiga ya kwanta a kan shinkafar gida sittin da 'yan kai, kuma a lokacin shinkafa ta fara ciki. Dattawa suka ce shinkafa mai ciki kwana biyar take yi a ƙarƙashin ruwa, in ta yi taurin rai shida. Bayan nan sai ruɓa. Ran Litinin da la'asar aka tayar da injin, aka murɗa masa totur har ƙarshe, aka bar shi.

Ran Laraba da safe aka kira Haladu a waya, wai injin yana gumin mai ta ko'ina. Ya hau babur zuwa inda ruwa ya yanke hanya, ya tarar da Inuwa yana jiransa da kwalekwale. Inuwa masunci ne, ɗan kawunsa, wato taubashinsa. Tun suna yara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne, kuma har furfura ta fito musu ba a raba gardamar ba.

"Bawana, ka iso?" in ji Inuwa. "Shiga a hankali, kada ka ɓata mini jirgi da dauɗar gareji."

"Tuƙa, sarkin ƙarni. Me kuka yi wa injina?"

"Me muka yi masa ban da alheri? Ni da kaina jiya na yi masa wani ɗan gyara. Za ka gani, sai ka biya ni ladan koyarwa."

Haladu ya juya kunnensa na dama wajen da ƙarar take fitowa. Suna cikin ratsa kacalla, saura kamar jifa biyu su kai jinga, sai muryar injin ta sauya. Ta tashi daga gurnani ta koma kururuwa. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa har ya rufe bishiyar da ke kusa. Ta cikin hayaƙin suka hango Alhaji Abdulmannan yana murɗa makulli, yana rufe famfon man gas, injin kuwa sai ƙara hauka yake yi. Mutanen da ke wurin suka watse, wasu har da faɗawa ruwa.

Haladu ya san abin da yake gani, don ya taɓa ganinsa sau ɗaya a kamfani, ranar da wata tifa ta jefar da fistin ta gefen cikinta. Injin ya daina shan gas, man jikinsa yake sha. Makulli ba ya kashe irin wannan. Iska za a hana shi, kuma minti ɗaya ko biyu ake da su.

Ya fizge katakon da yake zaune a kai, ya zare wuƙar fiɗar kifi daga ƙugun Inuwa, ya dira cikin ruwa har ƙirji. Ya haye jinga yana tari. Ya yanke ƙaton tiyon da ke kai iska bakin turbo, ya kifa katakon a kan bakin, ya danne da gwiwa da hannu biyu. Katakon ya manne kamar an buga shi da ƙusa. Injin ya shaƙe, ya yi jijjiga har ƙasar jinga tana rawa, ya yi tari uku, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoratarwa. Haladu ya zauna a ƙasa har numfashinsa ya dawo, sannan ya tashi ya zagaya injin. Gejin auna mai ya yi tsalle ya fita daga raminsa. Mai ya tsattsafo ta kowace gaɓa. Da ya duƙa wajen bututun numfashi, sai ya ga wani guntun ice, an fiƙe shi tsaf, an naɗe shi da tsumma, an buga shi a bakin bututun har ya nutse. Sai da filaya ya ciro shi. Ya ɗaga shi sama.

"Wane ɗan albarka ne ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Inuwa, yana hawowa jinga. Muryarsa ta ɗan ragu, amma bai sunkuyar da kai ba. "Icen kanya ne. Ko shekara zai yi bai ruɓe ba."

"Don me?"

"Yoyo yake yi mana! Jirgi in yana yoyo me ake yi masa? Toshewa ake yi. Man nan ɗiga yake yi cikin ruwa, yana bi ta kan gurayena na kama kifi da ke bakin magudana. Tarwaɗata duk warin gareji take yi. Matan da ke bandar kifi kwando biyu suka dawo mini da shi, suka ce in kai wa mai babur ya zuba a tanki."

"Kai in mura ta kama ka, hancinka da bakinka ake cusa wa ice?"

"Ni ba inji ba ne."

"Gaskiyarka. Inji yana da amfani."

Wasu suka yi dariya, irin ta mutanen da suka tsira. Haladu bai yi ba. Ya yi musu bayani a gajarce. Da iskar ta rasa hanya, sai ta danne man da ke saukowa daga turbo, man ya juya ya bi hanyar iska ya shiga cikin wuta. Ya sa yatsa ya girgiza sandar turbo, ya ji ba ta yi sako-sako sosai ba. Allah ya taƙaita.

"To a cire icen a tayar," in ji Alhaji Abdulmannan. "Yau kwana uku."

"A tayar man ya ci gaba da zuba a kan kifinmu?" in ji Inuwa. Masunta huɗu da ke bayansa suka gyara tsayuwa. A irin wannan shekara, in shinkafa ta tafi, kifi ne abincin gari, kowa ya san haka.

Haladu ya dubi taubashinsa. Wawa ne, amma a kan wannan yana da gaskiya. Gyaran ainihi shi ne a kwance injin a sa sabon ringi, ringin kuwa sai Kano, zuwa da dawowa da ɗaurawa kwana uku. Shinkafa ba ta da kwana ukun da za ta ba wa kowa aro.

"A kawo mini tulu biyu," ya ce. "Da tsohon tub na taya. Da soson ƙarfe na wanke tukunya, duk wanda ke garin nan."

Maza suka dubi juna. Babu wanda yake son ya shiga gidan wani ya roƙi soso. Wadda ta raba su da kunyar ita ce Iya Yagana, uwar Inuwa, matar kawun Haladu marigayi. Tsohuwa ce doguwa, 'yar asalin bakin Tafkin Cadi, ta zo jinga tun safe tana kallon inda gonarta take a ƙarƙashin ruwa.

"Soso nawa kake so, ɗan nan?"

"Ko goma, Iya."

Ta shiga gari gida-gida. Ana jiyo wata tana cewa, "To mu da me za mu wanke tukwane?" Ana jiyo Iya tana cewa, "Da toka da yashi, yadda uwarki ta yi har ta aurar da ke." Ta dawo da goma sha ɗaya a bakin zanenta, da tulunta biyu a hannun jikokinta mata.

Kafin azahar Haladu ya wanke hanyar iska tas, ya ɗaure tiyon da ya yanka da roba da waya. Sannan ya jawo wani tiyo mai kauri daga bututun numfashi ya zura cikin tulu, ya tsayar da bakinsa kamar tafin hannu kafin gindi. Ya warware sosunan ya cusa su kewaye da shi sako-sako. Ya rufe bakin tulun da robar tub, ya bar wani gajeren bututu mai faɗi yana kallon sama. Ya tona ɗan rami a cikin ɗanyar laka ya zaunar da tulun don ya riƙa sanyi. Iska mai zafi za ta shiga, man ya maƙale a jikin soso ya tsiyaye ƙasa, ita kuma ta fita ta sama. Sharaɗin ɗaya ne. Kada a bari man ya taru har ya rufe bakin tiyon, in ya rufe, an koma gidan jiya. Don haka tulu biyu, in wannan ya kusa, a sauya.

Aka cika baƙin mai, aka yi bisimilla, aka tayar. Injin ya yi hayaƙi na ɗan lokaci, ya washe. Ruwa ya fara ambaliya daga bakin famfo zuwa bayan jinga. Inuwa ya durƙusa ya shinshina bututun saman tulu, ya duba ƙasa, bai ga ɗigo ba.

Haladu ya ɗora tafinsa mai yatsu uku a kan bututun, ɗaya hannun yana murɗa totur a hankali. Da farko iskar tana fitowa fuk, fuk, fuk. Da ya ƙara wuta sai ta zama huci miƙaƙƙe mai ƙuna. Ya rage har ta koma fuk-fuk ɗinta, ya ɗauko waya ya ɗaure totur ɗin a nan. Bai fi kashi biyu cikin uku na ƙarfin injin ba.

"Me ke nan?" in ji Alhaji.

"Nan zai tsaya."

"Malam Haladu, kana ganin yadda ruwan ya ragu a bakin famfo? A haka yaushe za mu gama?"

"Lahadi, in Allah ya so. Na tudu za su fito gobe, na tsakiya Juma'a da Asabar."

"In an sake masa fa?"

"Juma'a. In ya kai Juma'ar."

"To a sake masa mana! Injin ƙungiya ne, ba na gadonka ba."

"Na ƙungiya ne. Da bazara na gaya wa ƙungiya abin da yake so." Haladu ya zauna a kan buhun ƙasa kusa da totur ɗin. "Ya riga ya sha wuya yau, sil ɗinsa na baya mai tare mai yana zuba. In aka matsa masa, tulu ba zai iya da shi ba. In ya fashe gobe, babu na biyu daga nan har Malam Madori. Wanda zai kwance wayar nan, sai ya fara ɗaga ni."

Alhaji ya sassauta murya, ya nemo inda zai fi zafi.

"Ka san gonar wa ce a ƙasan kwari? Wadda za ta fito ƙarshe?"

Haladu ya sani. Yana yaro ya sha korar tsuntsaye a cikinta. Gonar Iya Yagana ce, kuma ita ke ciyar da gidan da ke da marayu biyar. Lahadi kwana bakwai ke nan. Bai waiwaya inda tsohuwar take tsaye ba.

"Na sani," ya ce.

Bai bar jingar ba har Lahadi. A nan yake salla, a nan ake kawo masa tuwo. Ya kafa kara a bakin ruwa ya yi masa tsaga-tsaga da wuƙa, don kowa ya ga abin da ake ci da idonsa ya daina tambayarsa. Duk bayan awa uku yakan sauya tulu. Abin da ke fitowa a ciki ba baƙi ba ne, ruwan kunun kanwa ne, mai ne haɗe da gumin ruwa. Alhaji ya ce a mayar wa injin, asara ce a zubar. Haladu ya ce in Alhaji zai iya shan cokali ɗaya, shi ma zai ba injin. Aka tara shi a garwa can nesa da ruwa. Inuwa, ba tare da an aike shi ba, ya tuƙa har Kirikasamma sau biyu ya kawo sabon mai. Na biyun da ya ajiye galan ya ce, "Ga shi, bawana." Haladu ya ce, "Ajiye can, kada ka matso kusa da shi da wani ice."

Ran Alhamis kan shinkafar tudu ya leƙo, ya yi laushi ya yi ɗorawa, amma da ransa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutum bakwai masu gonakin kwari suka zo tare. Ba su yi faɗa ba, roƙo suka yi, wanda ya fi faɗa wuyar ƙi. Wani dattijo ya ce ko na awa biyar ne a ƙara. Haladu ya kama hannun dattijon ya ɗora a kan bututun tulu, ya kwance wayar, ya ƙara wuta kaɗan. Nan take hucin ya ƙona tafin tsohon, feshin mai ya fito ya ɓata masa hannun riga. Haladu ya mayar da totur inda yake, ya sake ɗaurewa. Suka juya ba sallama. Ɗayansu ya ce da ƙarfi, don ya san kunne ɗaya Haladu ke da shi, wai mutumin birni ba ya jin zafin shinkafar da bai shuka ba.

Ran Asabar tsakiyar fadama ta fito. Ran Lahadi da hantsi famfo ya fara jan laka. Haladu ya rage wuta ya bar injin yana ɗan gurnani har turbo ya huce, sannan ya kashe. Kunnensa mai rai ya ci gaba da ƙara shi kaɗai.

Gida hamsin da huɗu sun tsira da shinkafarsu, wasu duka, wasu rabi. Gonaki tara na ƙasan kwari sun tafi. Haladu ya sauka daga jinga ya taka cikin taɓo har can, ya tarar da Iya Yagana ta riga shi. Ta tumɓuke tushe ɗaya, ya zame a hannunta kamar dafaffiyar kuɓewa, yana wari. Ta yar.

"Ɗan nan, zan tambaye ka, kada ka yi mini maganar makanikai. Da ka ƙara masa wuta, da tawa ta tsira?"

"Mai yiwuwa, Iya. Mai yiwuwa kuma da garin duka ya rasa."

"Wanne ya fi kusa?"

"Na biyun nake zato. Amma ban sani ba."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ya yi laifi ba. Ta goge hannunta a zane, ta dubi baƙar ƙasar da ruwa ya bari.

"Alkama zan zuba a nan da sanyi ya shigo. Ruwan farko nawa ne, kafin na Abdulmannan, kafin na kowa. Ka gaya musu kai ka ce."

"Zan gaya musu. Amma injin nan ba zai sake tashi ba sai an sa masa ringi."

"To tsayuwar me kake yi a gonata?"

Haladu ya koma kan jinga, ya buɗe akwatin sifanu, ya fara kwance kan injin tun ƙarfen bai gama hucewa ba.